Amsa ga ɗalibinmu na Bursa: abin da ya ɗaure maka baki ɗan'uwan kanya ne

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni nan Damagaram ta hannun kawunka, wanda muka daɗe muna aikin lambu tare, kuma na ga ya fi dacewa in amsa shi a fili domin sauran yaranmu da ke karatu a ƙasashen waje su ma su ƙaru. Ka ce watanka biyu ke nan a birnin Bursa na ƙasar Turkiyya, ka shiga kasuwar unguwa ka ga wani ɗan itace ruwan goro mai kama da tumatir, an rubuta masa "Trabzon hurması", abokinka ya fassara maka shi da dabinon Trabzon. Ka sayi kilo guda, ka gatsa ɗaya, bakinka ya ɗaure, harshenka ya yi kaushi kamar an barbaɗa masa toka, sai ka zubar da sauran. Kana tambaya ko guba ka ci ko kuwa mai sayarwa ne ya cuce ka, da yadda za ka gane abin da ake ci da lokacin cinsa a cikin ƴaƴan itacen da ba ka taɓa gani ba, sannan ko za ka iya tara ƙwallayensu ka kawo a shuka a lambun mahaifinka da ke Mirriya.

Ka kwantar da hankalinka, ba guba ka ci ba, kuma mai sayarwar bai zalunce ka ba. Abin da ka saya dangin kanya ne na kusa. Masana tsirrai sun haɗa su a gida ɗaya mai suna Diospyros: tamu ta daji ita ce Diospyros mespiliformis, tasu kuwa Diospyros kaki, wadda asalinta daga ƙasar Sin ne, daga can ta bazu zuwa Koriya da Japan kafin ta iso ƙasashen bakin Bahar Rum. Faransawa kaki suke ce mata. Kalmar "hurma" a bakin Turkawa dabino take nufi, shi ya sa fassarar abokinka ta ɓatar da kai, amma itacen ba shi da wata alaƙa da dabinon Bilma ko na Gidimuni. Ka juya ɗaya ka dubi wajen da ya manne da reshe, za ka ga ƴar hula mai kunnuwa huɗu, irin wadda ka saba ɓamɓarewa a jikin kanya, sai dai wannan ta fi faɗi. Idan ka taɓa gaggawar cin ɗanyar kanya kana yaro, to baurin da ka ji a Bursa tsohon sani ne.

Abin da ke kawo wannan bauri wani sinadari ne da ake kira tanin, kuma ɗan Damagaram bai kamata ya zama baƙonsa ba, domin shi ne ke cikin bagaruwar da majemanmu suke dakawa su jeme fata da ita. Aikinsa shi ne ya kama furotin ya ƙulle shi. A majema yana kama furotin ɗin fata ya hana ta ruɓewa, a bakin mutum kuwa yana kama furotin ɗin miyau, wanda shi ne ke sa baki santsi, sai santsin ya gushe, harshe ya riƙa gugar dasashi. Itacen yana ajiye tanin a cikin ɗanyen ɗansa domin tsuntsu da dabba su ƙyale shi har ƙwayarsa ta ƙosa. Idan ya nuna sosai, tanin ɗin yakan dunƙule ya daina narkewa a miyau. Yana nan a ciki, amma harshe ba ya jinsa, sai zaƙi ya fito fili.

Wannan hurma iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda ba ta da bauri tun tana da tauri, ana fere ta a ci kamar tuffa, akwai kuma mai bauri, wadda ba ta ciwuwa sai ta yi laushi tiɓis, fatarta ta yi sheƙi kamar za ta fashe, a lokacin ne ake yanke kanta a sha da cokali. Wasu suna cewa mai tsinin ƙasa ita ce mai bauri, mai faɗi kuwa babu, amma wannan alama tana yaudara, domin akwai masu faɗi da suke da bauri ƙwarai. Manyan ƴan kasuwa suna rufe mai baurin a cikin iskar kabon na kimanin kwana guda, baurin ya mutu ita kuwa tana nan da taurinta, saboda haka ido kaɗai ba ya raba maka gardama, sai ka tambayi mai ita. Da ka ajiye waɗanda ka zubar a cikin jakar takarda tare da tuffa ɗaya ko ayaba, da cikin ƴan kwanaki sun nuna, domin tuffa da ayaba suna fitar da wata iska mai suna etilen da ke gaggauta nuna, kuma ita ce dai ke aiki idan masu mangwaro suka rufe kayansu a cikin kwali ko ciyawa. Gargaɗi ɗaya zan yi maka: kada ka daure wa baurin ka ci da yawa, musamman da safe ciki babu komai, domin tanin yana iya haɗuwa da ruwan ciki ya curo wani dunƙule mai tauri a tumbi, wanda likitoci suka sani, wani lokaci ma sai an yi aiki ake fitar da shi.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma zan so ka lura da wani abu game da kanka kafin in shiga lissafin kasuwa. Kai da ka tashi a nan kana ɗauke da ilimi mai yawa a kan ƴaƴan itace, amma ba ka taɓa ɗaukarsa ilimi ba, domin ba a aji ka koye shi ba. Ka san aduwa ana ɓare ɓawonta a tsotsa, kuma idan aka zarce ciki yana juyawa. Ka san goruba gwaguyarta ake yi, ɓaure kuwa sai an buɗe an duba ciki saboda ƙwari. Ka san ƙaron ɗanyen mangwaro yana ƙona gefen baki. Ka san ɗan tumfafiya, duk da kyan da yake da shi a ido, ba abin kai wa baki ba ne, haka ma ƙwayar bi-ni-da-zugu. Baƙon da ya sauka Damagaram yau bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma idan aka miƙa masa dilo, wato ƴaƴan anza, kafin a jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa, zai rantse cewa mutanen ƙasar nan guba suke ci. Matsayin da kake ciki ke nan a Bursa. Ni kaina a shekarata ta farko a Maroko, ina karatun aikin lambu, na sayi safarjal ina zaton wata irin tuffa ce, na kasa tauna shi, na bar shi a kan tebur ɗaki ya cika da ƙamshi, sai da wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta nuna mini yadda ake dafa shi da naman rago sannan na gane darajarsa. Tun daga ranar na ɗauki ɗabi'ar da nake so ka ɗauka: duk sabon ɗan itacen da na gani, sai in nemi danginsa a cikin namu na gida, sannan in tambayi tsofaffin wurin lokacinsa da hanyar cinsa.

Lokutan can sun bambanta da namu tun daga tushe. Damagaram tana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, Bursa kuwa tana kan digiri 40. A wurinmu ruwa da rashinsa ne ke tafiyar da itatuwa, shi ya sa mangwaro ke cika kasuwar Dole da bazara, magarya da kurna da aduwa da kanya kuma su biyo bayan damina, daga kaka zuwa cikin ɗari. A can sanyi ne ke mulki: yawancin itatuwan suna zubar da ganye idan hunturu ya shigo, su yi barci wata uku ko huɗu, su farka da fure wajen Maris da Afrilu, daga nan kowanne ya bi layinsa har zuwa Disamba. Kowane iri yana da ƴan makonninsa, kuma alamar cewa lokacinsa ya yi ita ce ka gan shi tuli a kowane tebur, kuɗinsa ya faɗi. Wanda ka gani ɗan kaɗan a cikin leda da tsada, ko dai daga nesa aka kawo shi ko kuma ya daɗe a ɗakin sanyi.

Yanzu da kake cikin Nuwamba, kusa da hurma za ka ga safarjal ɗin da na ambata, su suna kiransa ayva, kuma Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Rawaya ne, yana da ɗan gashi mai laushi a fata da ake gogewa, mafi yawansa kuma yana da tauri da bauri idan ɗanye ne, ko da yake suna da wasu irin masu sauƙi da suke yankawa siriri su ci haka nan. Idan aka dafa shi a hankali da sukari na tsawon lokaci, farin namansa yakan rikiɗe ya yi ja, kuma wannan shi ne abin zaƙin da suke kira ayva tatlısı. Za ka kuma ga wani ƙarami mai launin ƙasa da buɗaɗɗen baki kamar kambi, sunansa muşmula. Wannan ya fi hurma buƙatar haƙuri, domin ba ya ciwuwa sai cikinsa ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa, har mai gani ya ce ruɓewa ya yi. Hancinka ne zai bambance maka: nunanne yana da ƙamshi mai ɗan tsami kamar tsamiyar da aka jiƙa, ruɓaɓɓe kuwa yana wari kuma yana da furfura.

Akwai wanda zai tuna maka da gida fiye da kowanne, idan ka same shi bai ƙare ba, domin lokacinsa Satumba da Oktoba ne. Sunansa hünnap, kuma magarya ce ta ƙasar sanyi: dangin Ziziphus ne, gidan da magarya da kurna suka fito. Yana kai girman ɗan dabino, yana da ƙwallo ɗaya dogo, ana cinsa yana garas-garas kamar tuffa, idan ya bushe kuma ya yamutse ya ƙara zaƙi. Rumman, wanda suke kira nar, shi ma yanzu ne ganiyarsa. Ka zaɓi mai nauyi a hannu wanda jikinsa ya fara yin kusurwa-kusurwa, domin hakan yana nuna ƙwayoyin sun cika sun tura ɓawon. Jan fata ba hujja ba ce. Suna dafa ruwan mai tsami har ya yi kauri su zuba a abinci, kusan yadda muke amfani da tsamiya. Na san za ka ji wani abu a zuciyarka idan ka riƙe shi, kai da ka haddace ambatonsa sau uku a cikin Alƙur'ani, biyu a Suratul An'am ɗaya a Suratur Rahman, ba ka taɓa ganinsa a kan itacensa ba.

Haka zaitun, wanda garin Gemlik da ke kusa da ku ya shahara da shi, kuma yanzu ake tsinkarsa. Kada ka tsinko shi daga itace ka jefa a baki don ka ji an ce itace ne mai albarka. Ɗanyensa yana da ɗaci mai tsanani, kuma sai an jiƙa shi ko an cuɗe shi da gishiri makonni, wani har watanni, sannan ya zama abinci. Hikimar da kakanninmu suka yi amfani da ita a kan dilo, ita ce kakanninsu suka yi amfani da ita a kan zaitun.

Daga Disamba zuwa Maris lemu ne zai riƙe ka, manya da ƙanana, daga gonakin kudu na Mersin da Adana da Antalya, kuma wannan ba sai na koya maka ba. Wajen Afrilu da Mayu, daidai lokacin da ƙannenka suke shan mangwaro har gwiwar hannu, kai za ka ga wasu ƙananan korayen abubuwa da ake kira can eriği, ana cinsu ɗanyu da gishiri, suna da tsami da garas, kamar yadda yaranmu ke cin ɗanyen mangwaro da yaji. Tare da su akwai yenidünya, rawaya mai manyan ƙwallaye masu santsi. Yuni na kiraz ne da kayısı, waɗanda Faransawa ke kira seriz da abriko, kuma a dukansu biyu Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noma. Garin Malatya da busasshen kayısı aka san shi. A watan ne kuma dut yake nuna, ɗan itacen da ganyensa ke ciyar da tsutsar siliki. Da wannan itace Bursa ta yi arzikinta na da, kuma Koza Han, kasuwar silikin da aka gama ginawa a 1491, tana nan tsaye a tsakiyar birnin. Idan ka shiga ka tuna cewa mu ma muna da tsutsar da ke saƙa a kan tsamiya, wadda daga zarenta ake yin rigar tsamiya. Yuli da Agusta na şeftali ne, abin alfaharin Bursa, sannan inabi da ɓauren da suke kira incir su rufe lokacin zafi. Wannan ɓaure shi ne wanda Larabawa ke kira tin, ɗan gida ɗaya da namu a dangin Ficus, sai dai ya fi nama da zaƙi nesa ba kusa ba. Ɗabi'arka ta buɗe ɓaure kafin ci kada ka bar ta, musamman a kan busasshe, domin wani lokaci furfura tana ɓuya a cikinsa.

Akwai ƙa'ida guda da za ta tsare maka kuɗinka. Wasu ƴaƴan itace suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, kamar mangwaro da ayaba da gwanda, kuma a wannan sahu hurma take, da şeftali, da kiwi, da armut, wanda Faransawa ke kira puwar. Waɗannan za ka iya sayensu da ɗan tauri ka ajiye a ɗaki, kada ka sa su a firigo sai sun nuna. Armut ma a ajiye ya fi nuna da kyau, kuma ana gane shi ta latsa wuyansa kusa da kara. Wasu kuwa yadda aka tsinke su haka za su tsaya, kamar kankana da lemu, kuma a nan kiraz yake, da inabi, da rumman. Ɓaure ma ba ya ƙara zaƙi bayan ya bar itace. Irin waɗannan idan ba su da daɗi a kasuwa ba za su yi daɗi a ɗakinka ba, saboda haka ka ɗanɗana kafin ka biya.

Yanzu ga inda haɗari na gaskiya yake, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da natsuwa. Abin da aka baje a kan tebur a kasuwa an riga an san abinci ne. Matsala tana cikin ƙwallo da kuma abin da mutum ya tsinta da kansa. Mu mun saba fasa ƙwallon aduwa mu ciro ƙwayar ciki, kuma hannu yana iya kai ka ga yin haka da ƙwallon kayısı ko şeftali ko kiraz ko yenidünya. Ƙwayoyin waɗannan suna ɗauke da wani sinadari mai suna amigdalin, wanda idan aka tauna shi yake sakin gubar siyanur, irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba. A 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗin cewa babban mutum da ya ci fiye da ƙananan ɗanyun ƙwayoyin kayısı uku a zama ɗaya yana iya wuce iyakar da jiki ke ɗauka lafiya. Za ka ga ana sayar da wasu marasa ɗaci a shagunan kayan ƙwalama, amma duk wadda ka tauna ka ji ɗaci ka tofar da ita. Haɗiye ƙwallon kiraz guda bisa kuskure ba tare da an fasa shi ba ba ya cutarwa.

Na biyu shi ne kestane, wanda za ka ga ana gasawa a bakin titi duk tsawon sanyi, mai ɗanɗano tsakanin dankali da gurjiya, kuma Bursa ta yi suna da wanda ake dafawa da sukari. Yana da wani mai kama da shi da ake shukawa a wuraren shaƙatawa da gefen hanya don inuwa, at kestanesi, wato kestanen doki, kuma wannan yana sa amai da ciwon ciki da gudawa. Wanda ake ci yana fitowa ne daga kwanso mai ƙayoyi sirara cunkus kamar bayan bushiya, ƙwaya biyu ko uku a ciki, kowace da gefe ɗaya shafaffe da ɗan tsini a kai. Na doki kwansonsa kore ne mai kauri da ƴan gajerun ƙayoyi jefi-jefi, ƙwayarsa yawanci ɗaya ce mulmulalliya, ganyen itacen kuma a baje yake kamar yatsun hannu. Idan ka sayi na ci za ka gasa, ka tsaga ɓawonsa da wuƙa tukuna, in ba haka ba zai fashe a wuta. A irin waɗannan wurare akwai kuma itatuwan ado masu jajayen ƴaƴa ƙanana, wasunsu guba ne mai kisa, akwai kuma wani fure mai dogon ganye da Turkawa da kansu suka raɗa wa suna zakkum, wanda ko'ina a jikinsa guba ne. Kamanni da dangantaka suna taimaka maka ka fahimci abin da aka sayar maka, amma ba su isa su halatta maka tsinkar abin da ba ka sani ba.

Idan kai ko wani abokinka yana shan maganin hawan jini ko na rage kitsen jini, ya tambayi likita kafin ya sha babban lemun nan mai ɗaci da suke kira greyfurt, domin yana hana jiki sarrafa wasu magunguna har su taru su yi yawa a jini. Sannan duk sabon abu ka fara da kaɗan, bayan ka wanke shi. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar şeftali ko kiwi. Idan ka ji ƙaiƙayi a baki ka dakata, idan kuwa leɓe ko maƙogwaro ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, ka nemi asibiti nan take, lambar gaggawa a can 112 ce.

Malamanka a wannan fanni suna nan a kasuwar mako ta unguwarku, wadda suke kira pazar, kuma tana ci ne rana ɗaya a mako kamar yadda tamu ke cika ranar Alhamis. Ka nemi dattijuwa mai jan keken cefane, ka kira ta "teyze", kamar ka ce inna, dattijo kuma "amca", kamar ka ce baffa, ka nuna abin ka ce "Bu nasıl yenir?", wato yaya ake cin wannan. Ga mai sayarwa kuma ka ce "Olgun mu?", wato ya nuna? Kada ka ji nauyin tambaya, kuma ka fara da guda biyu ko uku maimakon kilo. Ina ba ka shawara ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta sunan kowanne, da watan da ka gan shi, da yadda aka ce a ci shi. Shekara ɗaya ta ishe ka ka zama jagoran waɗanda za su zo bayanka.

Saura maganar lambun Mirriya. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ta nuna zuciyarka tana gida, amma dole in faɗa maka gaskiya: yawancin waɗannan ƙwallaye ba za su amfani mahaifinka ba. Barcin da na ce itatuwan can suna yi sharaɗi ne na haihuwarsu. Idon reshe ba ya buɗewa ya yi fure yadda ya kamata sai ya tara wasu sa'o'i na sanyi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selsiyus, kuma yawancin irin tuffa da kiraz suna buƙatar ɗaruruwan sa'o'i, wasu har sama da 1,000. A Damagaram ko a tsakiyar ɗari, lokacin da muke kwana da wuta a ɗaki, ba kasafai sanyin dare yake sauka ƙasa da digiri 10 ba, sannan ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40. Itacen yana iya tsirowa, ya yi ganye, ya sha ruwan rijiya shekara da shekaru, amma bai ba da ɗa ko ɗaya ba. Bayan haka, ƙwallo ba ya maido da irin uwarsa. Kowane mai lambu a Mirriya ya san cewa wanda ya shuka ƙwallon mangwaron girefe, wato wanda aka aura, ba lallai ne ya samu irin wanda ya sha ba, kuma a tuffa da kiraz abin ya fi haka muni.

Dalili na uku ya fi waɗannan girma, domin ya shafi lambunan mutane duka. Ɗan itace ko reshe ko ƙasar da ke jikin saiwa suna iya ɗauko ƙwaro ko cuta su shigo da ita inda ba ta da magani. Ƙudan nan da ke sa tsutsa a mangwaro, Bactrocera dorsalis, ɗan Asiya ne. A 2003 aka fara ganinsa a Afirka, a ƙasar Kenya, cikin ƴan shekaru kaɗan ya iso Afirka ta Yamma, kuma har yau masu mangwaro suna asara a dalilinsa. Saboda haka ne doka ta ce tsiro ba ya ƙetare iyaka sai da takardar shaidar lafiyarsa daga hukumar kare tsirrai. Kada ka ɓoye reshe a cikin akwati.

Abin da zai yi a ƙasarmu akwai shi, kuma ba sai an ɗauko daga Turkiyya ba. Rumman yana jure zafi da ƙarancin ruwa, ana dasa shi da yankan reshe, kuma lambunan Timiya a cikin duwatsun Ayar sun daɗe suna ba da shi tare da lemu, ko da yake tudunsu ya fi namu sanyi. Ɓauren tin ma da reshe ake dasa shi, sai dai a zaɓi irin da ke yin ƴaƴa da kansa, domin shahararren nan na busarwa da ake nomawa a Aidin ta ƙasar Turkiyya sai an rataya masa ƴaƴan namijin ɓaure masu ɗauke da wani ɗan ƙwaro da ke kai masa garin fure. Wanda na fi so mahaifinka ya gwada shi ne magaryar girefe da ake kira "Pomme du Sahel": irin magaryar Indiya ne masu manyan ƴaƴa, kamar Gola da Umran, waɗanda cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, ana aura su a kan gindin magaryarmu ta gida, saiwa ta ƙasarmu ce mai sanin fari, ɗan kuma ya ninka namu girma sau da yawa. Idan yana so, kawunka ya kawo shi wurina mu je wajen masu renon itatuwa tare kafin damina.

Kai kuma abin da nake so ka ɗauko mana daga can a hannunka yake da idonka. Idan hutun zafi ya zo, ka nemi wani abokin karatunka ɗan ƙauye ya kai ka gonarsu, ka ga yadda suke auren itace da yadda suke sassabe rassa, ka kuma tsaya ka kalli matan gidan suna dafa ruwan dut ko na inabi har ya zama pekmez mai kauri kamar zuma, ko su shimfiɗa shi siriri a kan zane ya bushe a rana ya zama pestil, wanda ake naɗewa a ci har cikin sanyi. Ka tambayi awo da tsawon lokacin dahuwa ka rubuta, domin rana ba ta yi mana ƙaranci ba, kuma kowace bazara ina ganin mangwaron da ke zubewa a ƙasa a lambunanmu don babu mai saye. Kafin nan, hurma tana kasuwa har cikin Disamba. Ka sayi uku ranar pazar mai zuwa, ka rufe su da tuffa ɗaya, ka jira sai sun yi laushi a hannu. Ka gaishe mini da sauran yaranmu da ke tare da kai.